Wutsiyar Adireshi

Hoton ya riga Mai Sawu isowa unguwar. Tun a motar haya wata mata ta tura mata waya gaban hanci ba tare da an roƙe ta ba. Takardar sakamakon gwajin jini ce, ga sunan mai askin bakin titi ɓaro-ɓaro, ga tambarin ɗakin gwajin da ke kallon shagonsa, ga kuma ciwon hanta an zagaye shi da jan layi don kada mai sauri ya wuce bai gani ba.

"Sakatariyarsu ce ta fitar," in ji matar. "Kowa ya sani."

Mai Sawu ta kau da wayar daga gabanta. Aikinta ke nan, bin sawun masu kutse cikin kwamfutocin mutane, har sunan ya bi ta, kuma ba maganar da ke ɓata mata rai irin wannan ta kowa ya sani. Ta diro tun motar ba ta gama tsayawa ba.

Titin cike yake da mutanen da ba abin da suka zo saye. Shagon aski a buɗe, kujeru ba kowa, Mai Aski na zaune a bakin ƙofa da injin aski a cinya. Ya bi jakarta da kallo.

"Ke ce suka kira?" ya ce. "To ki faɗa musu. Mu biyu muka taɓa takardar nan, ni da Sakatariyarsu, ni kuwa ban tona wa kaina asiri ba. In rana ta faɗi ban ji wani suna ba, nata zan kai wa 'yan sanda."

Ɗakin gwajin na 'yan'uwa biyu ne, gadon mahaifinsu. Babba ke da mulki, Auta ke da na'urori, kuma tun da suka taso ba a taɓa jin Auta ya musa wa yayansa ba. "To, Yaya," yake cewa, sannan ya juya ya yi abin da ransa ya ba shi. A kusurwar ɗakin jira akwai kujera mai hannu wadda ko mara lafiya ba ya zama a kai. Ta Kawu ce, ƙanin mahaifiyarsu, wanda ke zuwa kullum da yamma ya sha fanka da intanet na kyauta ya koma gida.

Babba ya tarye ta yana share wuya da hankici.

"Ɗayan biyu nake so," ya ce. "Ko ki tabbatar min yarinyar nan ce, ko ki tabbatar min wasu 'yan iska ne daga ƙasar waje."

"Ba a zaɓa min sawu, Yallaɓai. Wa ya kashe rautar nan?"

"Ni na zare komai da safe, don kar a ƙara kwasa."

Ta rufe ido kaɗan. Rauta, ƙaramin akwatin da ke raba intanet a ginin, ba ya riƙe komai in an zare masa wuta, duk wanda ya taɓa hawa kansa ya manta da shi. Bawan Allah ya share filin tas da hannunsa, ga shi tsaye yana jiran a yaba masa. Ta ce a mayar da wutar, a kuma nuna mata Sakatariya.

A ɗakin ajiya suka ɓoye ta, tsakanin kwalayen safar hannu, wai don kar a jefe ta ta taga. Ba kuka take ba, ta wuce nan. Wayarta na kife a cinya, kira na ta shigowa.

"Mai gidan hayarmu ce," ta ce. "Ta ce in nemi wani wuri. Ɗazu kuma Innata. Ita ba ta ma tambaye ni ko na yi ba, Anti. Cewa ta yi me ya kai ni."

"Ke kika ba shi takardar?"

"Ni na buga, na ninke, na sa a ambulan. Ko kallon fuskarsa ban yi ba don kar ya ji kunya."

Mai Sawu ta buɗa hoton ta ƙara girmansa. Ba alamar ninki, ba inuwar hannu. Ba takarda aka ɗauka ba, fuskar kwamfuta ce aka kwafa. Ta ji daɗi na ɗan lokaci, sai ta tuna ita ma Sakatariya da kwamfuta a gabanta wuni guda. Ta juya ta nufi ƙofa.

"Kar ki ɗaga wayar nan," ta ce. "Ina zuwa."

Babbar kwamfutar da ke ajiye sakamako ita ba ta da mantuwa. Mai Sawu ta tsaya a kanta, ƙafa ɗaya bisa kujera, tana gangara layuka. Ba ta jima ba ta ga baƙon. Daga wajen ginin yake shigowa, ba sau ɗaya ba, ba mako ɗaya ba, yana buɗe sakamakon mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta jarida.

"Ta sabon adireshi ya shigo," ta ce.

"Ba zai yiwu ba!" Babba ya buga tebur. "Na kashe wannan abin. Ni da kaina na sa aka kashe shi."

A nan ne rigimar gidan ta fito fili. Adireshin na'urori a intanet iri biyu ne. A tsohon tsari, IPv4, duk na'urorin ginin na fita da adireshi ɗaya, kamar 'yan haya masu ƙofar zaure guda, na waje ba ya ganin ɗakin kowa. A sabon, IPv6, kowace na'ura da ƙofarta a bakin titi, saboda haka dole a sa dokar tsaro a rauta, ta zama mai gadi. Auta na son sabon tun tuni. Babba kuwa ya ce abin da mahaifinsu bai yi aiki da shi ba, shi ma ba ya bukata, adireshin da ya fi lambar waya tsawo ai ba na mutanen kirki ba ne.

"Ga shi kuwa a kunne," in ji Mai Sawu. "Kuma ba mai gadi. Ko lambar sirri kwamfutar nan ba ta tambaya."

"Ai mu ya mu ne a ciki," Babba ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. Ya juya. "Kai, Auta, ba na ce a kashe ba?"

"Ka ce, Yaya."

Auta ya tsura wa tayil ɗin ƙasa ido. Babba ya tafa hannu.

"Mai Gyara! Shi na kira ya kashe. Shi ne ya bar wa kansa hanya, ɗan banza!"

Shagon Mai Gyara na bayan layi, wayoyi na reto daga rufi har sai mutum ya sunkuya. Yana ganinta ya fara zufa, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya sake ɗauka.

"Hajiya, wallahi abin da aka sa ni na yi. Mai gida ya ce duk abin da ya shafi sabon nan in cire, kar in bar ko ƙura. Na kashe shi, na goge dokokin tsaronsa. Me za a yi da mai gadi a ƙofar da aka toshe?"

"Ka faɗa wa Auta?"

"Mai gida ya ce kar in tayar da zance."

"To zufar ta mece ce?"

Ya sosa ƙeya. Ashe wata tsohuwar rauta ce ya ɗauko daga ɗakin gwajin da sunan gyara, ga ta can tana aiki a shagonsa. Mai Sawu ta duba kwamfutarsa da wayarsa duk da haka. Ba sawunsa ba ne. Ta fito da haushin lokacin da ta ɓata, ta ga inuwar gine-gine ta riga ta ƙetare rabin titi. Mai Aski na nan inda ta bar shi.

A bayan ginin ta ritsa Auta, kusa da janareta, inda ƙara za ta rufe musu magana.

"Kai ka sake kunna sabon tsarin."

Ya gyaɗa kai. "Washegarin da aka kashe. In an kawo gwajin gaggawa ina gida, ta nan nake dubawa in kira likita. Tsohon tsarin ba ya bari, kamfanin intanet ya cusa mu da rabin unguwa a adireshi ɗaya. Amma na sa doka, Anti, daga gidana kaɗai ake iya shiga."

"An goge dokar kafin ka kunna."

Ta ga lokacin da maganar ta sauka masa a ciki, ya dafa bango.

"Me ya hana ka ce masa kana bukatarsa?"

"Yayana ne."

"Shi kuma me ya hana shi ce maka ya goge?"

"Ƙaninsa ne ni."

Ta so ta yi dariya, ta so kuma ta haɗa kawunansu ta gwara. Wani ya sallami mai gadi don yana ganin ƙofa a toshe, wani ya buɗe ƙofa don yana ganin akwai mai gadi, kuma kullum suna cin abinci a faranti ɗaya. Ta buɗe laftof ɗinta a kan tankin mai ta nuna masa.

"Dubi nan. Adireshin sabon tsari ya fi ƙarfin lalube, ba mai faɗawa kan naku bisa tsautsayi. Baƙon nan bai ƙwanƙwasa ko'ina ba, kai tsaye ya zo. Wani ne da aka ajiye masa hanya. Sannan dubi wutsiyar adireshinsa, ba ta canzawa. Na'urorin yanzu suna sauya tasu don kar a gane su. Tsofaffi ne ke ƙera wutsiya daga lambar jikinsu, duk inda suka je da ita suke tafiya. Kana da tsohuwar kwamfuta?"

"Tawa sabuwa ce," ya ce da sauri. "Ga ta can a ofis."

Gaskiya ya faɗa, amma saurin bai yi mata ba. Kafin ta sake tambaya Babba ya ƙwala masa kira daga ciki, ya wuce kamar an cece shi.

Ta tara su a ɗakin jira: Babba, Auta, Mai Gyara da aka aika aka kira, da Sakatariya wadda ta zauna a bakin benci kamar baƙuwa. Ta sa aka tura ƙofar gilashi. A waje fuskoki sun ƙaru.

"Kowa ya kunna duk na'urar da yake da ita ya hau intanet ɗin nan," ta ce. "Wutsiya nake nema. In ta shigo zan gan ta."

Aka zube wayoyi da kwamfutoci a tebur. Tana kai da kawo tana duba allonta, kowace ta hau ta kwatanta. Ta Babba ba ita ba. Ta Auta ba ita ba. Kwamfutar teburin Sakatariya da wayarta, babu. Ta sake bi daga farko, ko idonta ne ya tsallake. Hasken da ke shigowa ta gilashi ya koma ja. Ta san abin da ya faru, ta san ta inda aka bi, amma ba wannan Mai Aski ya nema ba.

"Kin gani?" in ji Babba. "A gida ta ɓoye tata. Ai ba mahaukaciya ba ce da za ta kawo."

"Yallaɓai, ko rediyo ba ni da shi a ɗaki," in ji Sakatariya a hankali.

Sai aka turo ƙofa da sallama. Kawu ne, da jakarsa a kafaɗa, yana mita a kan cunkoson bakin titi.

"Mutane ba su da aikin yi," ya ce. "Ku ci gaba da taronku, ni ba ruwana."

'Yan'uwan suka rusuna suka gaishe shi. Ya zauna a kujerarsa, ya gyara fanka ta kalle shi, ya zaro wata laftof mai kauri wadda aka ɗaure marfinta da salatif. Ya kunna, ta yi gurnani ta tashi.

Wani sabon layi ya bayyana a allon Mai Sawu. Ta karanta wutsiyar har ƙarshe, ta sake karantawa. A karon farko tun safe ta ja kujera ta zauna. Da ta ɗaga kai, Auta ba ita yake kallo ba, laftof ɗin yake kallo.

"Baba," ta ce, "ina ka samu wannan kwamfutar?"

"Wannan? Yaron nan ne ya ba ni da ya sayi sabuwa. Allah ya yi masa albarka."

"Akwai wani ɗan hoto a fuskarta, mai tambarin ɗakin gwajin nan. Kana danna shi a gida?"

Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi Babba, ya dubi Auta, ba wanda ya kawo masa ɗauki.

"Da can ba ya buɗewa," ya ce. "Rannan na danna sai ya buɗe. Na ce ashe yaran sun ba ni izini."

"Sai ka riƙa karantawa."

"Mutum yana zaune a gida ba abin yi, 'yata. Ban faɗa wa kowa na kowa ba. Sai wannan." Ya ɗaga murya. "Jikokina a wurinsa suke aski! Ni ma haka. In yi shiru? Mutum ɗaya na tura wa, abokina, na ce ya kiyaye yaransa. Mutum ɗaya tak!"

"Jan layin fa?"

"Idonsa ba shi da kyau," in ji Kawu, muryar ta faɗi.

"Kawu," in ji Sakatariya. Ba ta ɗaga murya ba. "Jiya a nan kake zaune da suka fara kirana maciya amana ta taga. Cewa ka yi in rufe labule, haske na damunka."

Babba ya tashi ya murɗa mukullin ƙofa, ya dawo ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana magana ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar mai tsoron kar a riga shi.

"To, an gano. Magana ta ƙare a ɗakin nan. Sabon tsarin ne ya jawo, ni dama na faɗa. Hajiya, ki rubuta haka: na'ura ce ta yi ɓaraka, an kashe abin har abada, shi ke nan. Ba wanda za a kama."

"Ba zan rubuta ba," in ji Mai Sawu. "In shawara kake so, ga ta. Ku bar shi a kunne, tun da aikinku na bukatarsa kuma can intanet ta dosa. A mayar da dokar tsaro, a sa lambar sirri, ku biyun ku san abin da aka yi. In kuma kashewa za ku yi, ku kashe tare da baki ɗaya. Rabi da rabin nan ne ya kai ku nan. Kuma ka sani, Yallaɓai, ba don sabon ba da ban ga wannan wutsiyar ba, da yanzu yarinyar nan na hanyar ofishin 'yan sanda. Na'ura ba ta zana jan layi."

"Ƙanin uwarmu ne!" Idon Babba ya kawo ruwa. "Shi ya riƙe mu da mahaifinmu ya rasu. In fita in nuna shi da yatsa a gaban 'yan titi? Da wane ido zan kalli Inna?"

Mai Sawu ta tausaya masa, har ga Allah ta tausaya. Amma ba nata ba ne ta yafe.

"Yallaɓai," in ji Sakatariya, "in ka ce musu na'ura ce, za su tambaya wa ke zaune a gabanta. Ni ce dai."

"Zan ƙara miki girma a wurin aiki. Zan nema miki wani ɗakin. Wata biyu an manta."

"Innata ba za ta manta ba."

Sakatariya ta miƙe. Ta wuce ta gaban Babba, ta murɗa mukullin da ya rufe, ba wanda ya yi ƙarfin halin riƙe ta. Hayaniyar titi ta ɗauke da aka gan ta a bakin ƙofa. Ta dubi tsallaken hanya.

"Malam, don Allah ka shigo," ta ce. "Kai kaɗai."

Mai Aski ya ƙetaro, mutane na buɗa masa hanya fiye da yadda ake bukata. Ya shigo fuska a murtuke, ya bi su da ido ɗaya-ɗaya. Da ya kai kan Kawu sai fuskar ta sake. Ya matsa ya durƙusa a gaban kujerar kamar yadda ya saba.

"Baba, ashe kana nan. Alhamdu lillahi. Ka ga abin da aka yi min? Ciwon nan ina shan maganinsa, kayan aikina kullum a tafashe, reza ɗaya mutum ɗaya, kai shaida ne. Yau ko wanda zai amsa min sallama babu." Ya share ido da bayan hannu. "Kai babba ne, ba za ka rufe gaskiya ba. Duk sunan da ka faɗa min, shi zan ɗauka."

Fanka na ta juyawa. Babba ya juya wa ɗakin baya. Kawu ya sa hannu biyu ya rufe marfin laftof ɗin a hankali, ya dubi mutumin da ke durƙushe a gabansa.

"Tashi, ɗana," ya ce. "Daina durƙusa min. Ni ne."